Najeriya da Indonesiya: Tazarar Ta Girmi Rikicin Jam'iyyu

Kwanan nan wani jadawali ke ta yawo a WhatsApp da Facebook. Layi biyu ne, ɗaya na Najeriya, ɗaya na Indonesiya, suna nuna kason kowane mutum idan aka raba jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara da yawan jama'arta. A 2014 layukan na kusa da juna: mu muna da sama da dala 3,000, su suna da kusan 3,500. Zuwa 2024 nasu ya doshi dala 5,000, namu ya gangaro wajen dala 1,000.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda muka karɓi maganar. Wani ɓangare ya ce ga shaida nan, tun da aka canja gwamnati a 2015 muka shiga uku. Ɗaya ɓangaren ya ce ai lissafin Turawa ne, ba ya cika ciki, a bar shi. Kowa ya ɗauki abin da zai jefi abokin hamayya da shi, aka watse.

Matsayina shi ne tazarar gaskiya ce, kuma abin tsoro ce, amma jadawalin da ya fara daga 2014 ya ɓoye inda ta samo asali. Tun a shekarun 1970 ƙasashen biyu suka raba hanya, lokacin da kuɗin man fetur ya zubo musu a tare, kowacce ta zaɓi inda za ta zuba shi. Indonesiya ta kai kaso mai tsoka ƙauye, gona da makaranta. Mu muka tsaya da shi a birni.

Me ya sa Indonesiya?

Idan aka gwada mu da Dubai ko Singafo, ina cikin masu cewa ba a yi adalci ba, domin ƙananan wurare ne. Indonesiya kuwa tsararmu ce. Ƙasa ce mai ɗimbin jama'a da ɗaruruwan harsuna, tana da man fetur, ta shiga OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, a 1962, mu muka shiga a 1971. Ta sha mulkin soja: Janar Suharto ya riƙe ta tun daga tsakiyar shekarun 1960 har 1998. Ta ga zubar da jini: kashe-kashen 1965 zuwa 1966 sun ci rayukan kusan mutum 500,000, ana gab da mu shiga yaƙin basasa a 1967.

Kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Alhazanmu na ganinsu a Makka da Madina, su ne suka fi kowace ƙasa yawan kujeru. Indomie da yaranmu ke kukan a dafa musu, asalinta ta wani kamfanin can ce. Atamfar da matanmu ke ɗaurawa ta samo tushe daga rinin batik na tsibirinsu na Jawa, Turawan Holan suka kwaikwaya suka kawo Afirka ta Yamma.

A 1980, idan aka yi lissafi da farashin dala na gwamnati, kason ɗan Najeriya ya zarce na ɗan Indonesiya. Wannan ne ya sa maganar ke da ciwo.

"Faɗuwar naira ce kawai"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga masu kare gwamnati, kuma tana da gaskiya a cikinta. Ana lissafa abin da ƙasa ta samar da kuɗinta, sannan a mayar da shi dala. A 2014 dala tana wajen naira 160, gangar mai ta haura dala 100 har tsakiyar shekarar. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira daga wajen 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500.

A ce mai aski ne a Fagge, yana aske kai ashirin a rana. Kafin a saki naira yana karɓar 500, wato sama da dala ɗaya kan kowane kai. Bayan an saki ya ƙara zuwa 800, wanda bai fi rabin dala da 'yan kai ba. Kawunan dai su ne ashirin ɗin, injin shi ne, aikin bai ragu ba. Amma a jadawalin dala, ya zama rabin mutum.

Su ma Indonesiya sun taɓa ganin haka. A rikicin kuɗin Asiya na 1997 zuwa 1998, kuɗinsu rufiya ya faɗi daga wajen 2,400 kan dala zuwa sama da 15,000. Kason mutum ya sauko daga sama da dala 1,000 zuwa ƙasa da 500. Ainihin abin da ƙasar ta samar kuwa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari ne a 1998. Babbar masifa ce, har ta yi awon gaba da kujerar Suharto a watan Mayun shekarar, amma gonaki da masana'antu ba su ragu da rabi ba.

Don haka na yarda, layin dala yana zuzuta faɗuwarmu. Sai dai hujjar ba ta kai inda masu ita ke so ta kai ba, saboda dalili biyu.

Na farko, akwai wani lissafin da ke cire tasirin canji, ya duba abin da kuɗin mutum ke iya saya a kasuwar ƙasarsa. A wannan ma'aunin ma ɗan Indonesiya ya yi wajen ninki biyu na ɗan Najeriya.

Na biyu, ƙasar da ke sayo alkama, magani, injuna da kayan gyara daga waje ba za ta ce darajar dala ba ta shafe ta ba. Kujerar Hajji da ke kusan naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Mai askin nan, ranar da injinsa ya ƙone, da farashin dala zai sayi sabo.

"To ai alkaluman ma ba abin dogaro ba ne"

Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta tsarin lissafinta, ta bar shekarar 1990 a matsayin ma'auni ta koma 2010, ta shigar da harkar waya da fina-finai da sauran sana'o'in da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata. A rana guda girman tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda ya tashi da safe ya tarar da ƙarin ko sisi a aljihunsa. An sake irin wannan sabuntawa a 2025.

Ɓangaren yawan jama'a ya fi muni. Rabon da mu yi ƙidaya tun 2006, inda aka ce mu miliyan 140 ne. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk adadin da ake faɗa yau, miliyan 220 ko 230, ƙiyasi ne. Indonesiya kuwa tana ƙidaya duk shekara goma, ta yi ta 2020 ana tsakiyar annobar korona, ta samu miliyan 270. Wato muna raba abin da ba mu gama aunawa ba da adadin da ba mu ƙirga ba. Ni a ganina wannan shi kansa abin kunya ne, kuma yana cikin amsar tambayar. Gwamnan da bai san yara nawa ne a jiharsa ba, aji nawa zai gina?

Amma a ajiye wannan ma'auni gefe, a duba abin da ba ya buƙatar canjin dala. Matsakaicin tsawon rai a Indonesiya ya kai shekara 70, namu yana wajen 54. A cikin yara 1,000 da ake haifa, su suna rasa wajen 20 kafin su cika shekara biyar, mu muna rasa sama da 100. Kusan kowane gida a can yana da wutar lantarki, mu kuwa dukan ƙasar na rabon megawat 4,000 zuwa 5,000. Duk waɗannan suna nuni ne zuwa wuri ɗaya da layin jadawalin. Idan shaidu huɗu da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya, alƙali ba ya korar ƙara.

Inda aka raba hanya

A ƙarshen 1973 farashin mai ya ninka har wajen sau huɗu. Gwamnatocin biyu suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa mafarki ba.

A Najeriya an yi ƙarin albashin Udoji a 1974, har da ariyas, kasuwa ta cika da rediyo da babura, farashi ya tashi. A 1975 aka yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, ɗaruruwan jirage suka yi ta jira a teku ana biyansu kuɗin jira, wani simintin ma ya daskare a ciki. Aka yi bikin al'adu na FESTAC a 1977. Aka soma masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1979, har yau ba ta zama abin da aka gina ta dominsa ba.

Shi kuwa manomi, ta fuska biyu aka matse shi. Hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna biyansa ƙasa da farashin duniya, gwamnati na cin rarar. Sannan aka riƙe naira da tsada fiye da ƙimarta, har ta fi dala daraja, abin da dattawanmu ke tunawa da alfahari. Amma naira mai tsada na nufin shinkafar waje da alkama su shigo da arha, gyaɗa da auduga da manja na gida su kasa gogayya a kasuwar duniya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa aikin, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Matasa suka bar fartanya suka nufi birni neman kwangila da aikin ofis. Ƙasar da a farkon shekarun 1960 ke kan gaba a manja a duniya ta koma saye. Wadda ta fi kowa samar da shi yau ita ce Indonesiya.

A can kuma me aka yi? Daga 1973 zuwa 1978 gwamnati ta gina makarantun firamare sama da 61,000 da kuɗin mai, mafi yawa a yankunan da suka fi ƙarancin makaranta. Ta gyara magudanan ban ruwa, ta faɗaɗa masana'antun taki, ta raba ingantaccen iri da bashi ga ƙananan manoma. Ta sa hukumar Bulog ta riƙa sayen shinkafa a kan farashin da ba zai faɗi ƙasa da shi ba, don manomi ya san ko an yi yabanya mai yawa ba zai yi asara ba. Kuma ta rage darajar rufiya da gangan a 1978, da 1983, da 1986, domin kayan da take nomawa da ƙerawa su samu kasuwa a waje. Mu sai a 1986, da tura ta kai bango, aka saki naira a ƙarƙashin shirin SAP na Janar Babangida, lokacin da gonar ta riga ta mutu.

Indonesiya, wadda a ƙarshen shekarun 1970 ta fi kowa sayen shinkafa daga waje, ta ciyar da kanta a 1984. Manomin da shinkafarsa ta ninka ya sayi keke, ya sayi kwanon rufi, ya sa 'yarsa makaranta. Wannan 'yar ce ta shiga masaƙa da masana'antar takalma a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi ƙasar ta juya ga ƙere-ƙere. Mu a daidai lokacin masana'antunmu suka fara tangal-tangal. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da ma'aikatan masaƙu ke fitowa dubu-dubu a canjin aiki, ko Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ya je ya gani yau. Ciyawa ce a harabar da yawa daga cikinsu.

Ba ina cewa ba mu yi komai ba. An kawo shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, an yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, an yi na Shagari a 1980. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, kuma duk wanda ya bi ta Kura da Kadawa da rani ya ga kore shar ya san abin da ruwa ke yi wa talaka. Matsalar ita ce irin su Kadawa 'yan tsiraru ne, kuma kowace gwamnati ta zo sai ta yar da na baya ta ƙirƙiro sabon suna. Har yau yawancin gonakinmu ruwan sama suke jira. Manomin shinkafa a can na samun wajen tan 5 a hekta, namu wajen tan 2.

"Cin hanci ne ya kashe mu"

Ya cutar da mu ƙwarai, ba musu. Amma Indonesiya ba ƙasar waliyyai ba ce. A jerin da ƙungiyar Transparency International ta fitar a 2004 na shugabannin da suka fi wawure dukiya, Suharto ne na ɗaya, an ƙiyasta dala biliyan 15 zuwa 35. Abacha yana ƙasa da shi, da biliyan 2 zuwa 5. Kamfanin mansu, Pertamina, ya kusa durƙusar da ƙasar a 1975 da bashin wajen dala biliyan 10.

Ba ina wanke sata ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne idan muka tsaya a kan "ɓarayi ne" kaɗai, mun huta da tunani. Za a iya samun shugaban da bai taɓa sisin gwamnati ba, ya riƙe tsarin da ke kashe manomi, talauci ya ci gaba da ƙaruwa a hannunsa.

Haka nan maganar da muke yawan yi cewa ƙasarmu mai arzikin mai ce, da za a raba da kowa ya wadata. A yi lissafin. Ganga miliyan ɗaya da rabi a rana, a raba wa mutum miliyan 220, kowa zai tashi da ganga biyu da rabi a shekara. Ko ana sayar da ganga dala 80, dala 200 ke nan, kafin a cire kuɗin haƙowa da kason kamfanoni. Ba ta isa ta riƙe mutum wata uku ba. Arzikin ƙasa mai yawan jama'a irin tamu yana hannun abin da kowane mutum ke iya samarwa a yini.

Maganar da ba ma son a taɓo

Lissafin kason mutum yana da ɓangare biyu: abin da ake rabawa, da yawan waɗanda ake raba wa. A 1960 mu wajen miliyan 45 ne, su wajen miliyan 88. Yau mun ninka wajen sau biyar, su sau uku da ɗoriya. Tattalin arzikinsu na ƙaruwa da wajen kashi 5 a shekara, jama'a na ƙaruwa da wajen kashi 1, saura 4 ya zama ci gaban mutum. Da irin wannan tafiya kaso na ninkawa cikin shekara 18. Mu idan muka samu kashi 3 da ɗoriya muna murna, alhali jama'a na ƙaruwa da sama da kashi 2. Abin da ya rage wajen kashi 1 ne, wanda ke buƙatar shekara 70 kafin ya ninka. A 2016 da 2020 ma baya muka ci.

Na san amsar da za a ba ni: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Na yi imani da haka. Amma Indonesiya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, kuma manyan ƙungiyoyin malamanta, Nahdatul Ulama da Muhammadiyya, sun amince da tazarar haihuwa don lafiyar uwa da tarbiyyar yaro. Matsakaicin haihuwa ya sauko daga sama da biyar ga kowace mace zuwa biyu da ɗan kai. Ba na goyon bayan a tilasta wa kowa, kuma ba na ɗora wa jariri laifin talauci. Uwar da ta binne biyu cikin 'ya'yanta ba wanda zai ce mata ta tsaya. Idan yara suka daina mutuwa, 'yan mata suka gama sakandare, iyalai da kansu suke daidaita lamarinsu. Asibiti da makaranta ne ke zuwa da farko.

Matsakaici na ɓoye mu

Abu ɗaya da masu sukar ma'aunin suka faɗa daidai ɗari bisa ɗari: rabo ne a takarda. Dala 1,000 ɗin nan ta haɗa mai matatar mai da mai tallar ruwa. Mu 'yan Arewa ya kamata wannan ya fi tayar mana da hankali, domin muna ƙasa da matsakaicin. Binciken talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 na cikinsa, kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kashi 27. Da za a zana wa Arewa maso Yamma layinta ita kaɗai a jadawalin nan, da ba mu samu bakin yin gardamar jam'iyya ba.

Shi ya sa nake ganin zancen ƙauye bai tsufa ba. Indonesiya ta sake komawa gare shi: dokar ƙauyuka ta 2014 ta sa tun daga 2015 gwamnatin tarayya ke ware wa kowane ƙauye, cikin wajen 75,000, kuɗinsa na musamman, mutanen gari su zauna su yanke ko hanya za a yi, ko kwalbati, ko rijiya. An samu dagatan da suka ci, wasu an ɗaure su, amma kuɗin na isa ƙauye.

Mu kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ina so in ga gwamnan da zai fito ya faɗi hekta nawa ya kai wa ruwan noman rani da wannan kuɗi, malaman firamare nawa ya ɗauka kuma yake biya a kan kari, da ƙauyuka nawa a Zamfara ko Katsina manoma suka koma gona ba tare da sun biya 'yan bindiga haraji ba. Gadar sama ta biyu ko ta uku a babban birnin jiha ba ta cikin abin da nake tambaya.